Taswirori Uku a Bakin Dajin Birnin Gwari

Garin Damari yana gabashin Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, cikin mazaɓar Kazage, a yammacin Jihar Kaduna. Gari ne na manoma, kuma kafin tashin hankalin da ya auka wa yankin ba safai sunansa kan fito a jarida ba. Baƙon da ya sauka a irin wannan gari ranar kasuwa, Hausa zai ji ta kowace kusurwa, ya kuma ji kiran salla a kan lokaci, don haka ba wuya ya yanke cewa ya zo ƙasar ƙabila ɗaya mai harshe ɗaya da addini ɗaya. Amma sunayen da ke kewaye da shi kaɗai sun isa su sa ya sake tunani. Masarautar da garin yake ƙarƙashinta sunanta Birnin Gwari. Babban gandun dajin da ke cikin masarautar sunansa Kamuku, wanda yake sunan wata ƙabila ce dabam. Makiyayan da ke kawo nono da dabbobi kuwa Fulatanci suke yi a tsakaninsu. Al'ummu huɗu ke nan a ƙasa guda, kuma nisan da ke tsakanin Hausa da harsunan sauran ukun ya fi nisan da ke tsakanin Ingilishi da harshen Hindi na ƙasar Indiya.

Nijeriya ƙasa ce mai mutane fiye da miliyan 200, kuma kowane ɗalibi ya sha ji ana cewa tana da ƙabilu da harsuna da addinai masu yawa. Abin da ba a cika bayyana masa ba shi ne, waɗannan abubuwa uku taswirori ne guda uku, kowace da iyakokinta, kuma in an ɗora ɗaya bisa ɗaya layukansu ba su haɗuwa. Mutum yana iya zama Bafillace wanda ba ya jin Fulatanci, ko Bahaushe wanda ba Musulmi ba, ko Bagware Musulmi wanda Hausa ce harshen gidansa. Yawancin kura-kuran da ake yi wajen fassara zaman lafiyar ƙasar nan da rikice-rikicenta daga haɗa taswirorin nan wuri ɗaya suke tasowa. Ƙasar Birnin Gwari wuri ne mai kyau na rarrabe su.

Taswirar harshe

Harsuna nawa ne a Nijeriya? Wani jerin sunaye da masana uku, watau Hansford da Bendor-Samuel da Stanford, suka wallafa a 1976 ya kawo harsuna 394. Ƙididdigar da aka yi daga baya, musamman ta Roger Blench, ta haura 500. Ba sababbin harsuna aka haifa a tsakani ba. Bincike ne ya shiga lungunan da a da bai kai ba, sa'an nan aka gane cewa abin da ake ɗauka kare-karen harshe ɗaya ne, sau da yawa harsuna ne da masu su ba su fahimtar juna. Kamuku misali ne. Bahaushe yakan kira su duka Kamukawa, alhali a ƙarƙashin wannan suna akwai Cinda da Regi da Rogo da wasunsu, a warwatse tsakanin Birnin Gwari da yankunan Kagara da Tegina da Mariga na Jihar Neja.

A 1963 wani masanin kimiyyar harshe ɗan Amurka, Joseph Greenberg, ya kasa harsunan Afirka gida huɗu. Masana sun yi ta gyare-gyare ga rabon nasa, har yau kuma ana gardama a kan wasu sassansa, amma da shi ake fara koyarwa. Uku daga cikin gidajen nan huɗu suna da wakilai a Nijeriya. Barbarci yana gidan Nilu-Sahara. Hausa tana reshen Cadi na gidan Afiro-Asiya, watau gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da harshen Buzaye da tsohon harshen Misira. Gwari da Kamuku da Fulatanci kuwa duk 'yan gidan Neja-Kwango ne, tare da Yarbanci da Ibo da Sawahili, ko da yake rassansu sun yi nisa da juna: Gwari ɗan'uwan Nufanci ne na kusa, Kamuku yana reshen Kainji tare da harsunan Dakarkari da Kambari, Fulatanci kuma danginsa na kusa suna can Senegal, irin su harshen Serer.

Mai karatu na iya tambaya, ta yaya aka san wannan, tun da babu wanda ya rubuta tarihin rabuwar harsunan? Ba kamannin kalmomi kawai ake dubawa ba, domin kalma aronta ake yi kamar yadda ake aron fartanya. Littafi da alƙalami da lokaci daga Larabci Hausa ta aro su, kuma ba su tabbatar da dangantakar jini. Abin da ake nema shi ne ƙashin bayan harshe, wanda ba safai ake aronsa ba. Hausa tana raba suna zuwa namiji da mace, tana cewa ya tafi, ta tafi. Larabci ma haka yake yi da harrufan nan biyu, yana cewa yaktubu ga namiji, taktubu ga mace. Kalmar mutu tana da 'yar'uwa a Larabci da Ibrananci da tsohon harshen Misira, haka nan kalmar tambaya me, kalmar suna kuma tana da 'yar'uwa a Larabci da Ibrananci. Waɗannan gado ne daga kaka guda da ta shuɗe dubban shekaru kafin zuwan Musulunci.

Harsunan Neja-Kwango da yawa wata hanya suka bi. Maimakon jinsi biyu, sukan kasa sunaye rukuni-rukuni, kowane rukuni da alamarsa. A harshen Sawahili mutum ɗaya Mswahili ne, jama'a Waswahili, harshen kuma Kiswahili. A ƙasar Zuru mutanen da Hausawa ke kira Dakarkari suna kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela. Wata al'umma ta reshen Kainji tana kiran kanta Acipu, harshenta Cicipu. Duk ɗafa-goshi ne ke sauyawa, saiwar kalmar tana nan. Fulatanci yana da irin wannan tsari, sai dai shi a ƙeya yake ɗafa alamar, har yakan sauya harafin farko: Pullo ɗaya, Fulɓe da yawa, gorko namiji, worɓe maza, debbo mace, rewɓe mata. Saboda haka tsohuwar da ke magana da Kamuku a wani ƙauyen Birnin Gwari, ginin jimlarta ya fi kusa da na mai sayar da kifi a Zanzibar bisa ga na maƙwabciyarta Bahaushiya da suke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya.

Wani abin tausayi a tarihin wannan ilmi shi ne wurin da aka fara rubuta kalmomin Kamuku. Ba a ƙasarsu aka yi ba. Wani ɗan mishan Bajamushe, Sigismund Koelle, ya zauna a Freetown ta ƙasar Saliyo yana tambayar bayin da aka ƙwato daga jiragen ruwa kalmomin harsunansu. A 1854 ya buga littafinsa Polyglotta Africana, mai ɗauke da kalmomi kusan 300 a harsuna fiye da 150, kuma Kamuku na cikinsu. Watau sai da aka kamo wani mutum daga waɗannan duwatsu, aka bi da shi kasuwa-kasuwa har bakin teku, kafin harshen uwarsa ya hau takarda.

Me ya tara su a nan?

In an dubi taswirar harsunan Nijeriya za a ga rabon bai daidaita ba. A can arewa harsuna uku, Hausa da Fulatanci da Barbarci, sun mamaye ƙasa mai faɗin gaske. Amma daga Zuru, a biyo ta Birnin Gwari da kudancin Kaduna da Filato har zuwa tsaunukan Mambila, harsuna ɗaruruwa ne a cushe, wani ma ƙauyuka biyu ko uku kaɗai ke yin sa. Daniel Nettle, wani masani ɗan Ingila da ya yi bincike a kan harshen Fyem na Jihar Filato, ya kawo bayani a 1996 wanda ya danganta abin da damina. Inda damina take da tsawo kuma ba ta cika yaudara ba, ƙaramar al'umma tana iya ciyar da kanta, ba ta da tilas ta ƙulla zumunci da na nesa, sai harshenta ya zauna a keɓe. Inda damina take gajeriya, fari kuma yake zuwa ba sallama, dole mutane su yi auratayya da fatauci da cin rani zuwa wurare masu nisa domin su sami madogara ranar yunwa, kuma harshe yakan bi waɗannan hanyoyi ya bazu.

Bayanin yana da ma'ana, amma bai ƙare magana ba. Yarbanci da Ibo manyan harsuna ne a ƙasar ruwan sama mai yawa, kuma duwatsun Bauci cike suke da ƙananan harsuna duk da gajeriyar daminarsu. Tilas a ƙara da dutse da daji da yaƙi. A ƙarni na 19 hare-haren neman bayi, musamman daga Kwantagora a zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, sun addabi ƙasashen Gwari da Kamuku har zuwa 1901 da Turawa suka ci Kwantagora. Wanda ya tsira, kan dutse ya hau ko ya nutsa cikin kurmi, kuma al'ummar da ta yi shekaru a kan dutsenta ba ta cuɗanya da ta dutsen gaba, maganarta takan bi tata hanya. Birnin Gwari tana daidai inda filin Hausa ya ƙare, ƙasar duwatsu da doka ta fara, shi ya sa take da rabo daga ɓangarorin biyu.

Ana iya auna wannan bambanci da lissafi, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji uku na sakandare ba. Masana tsirrai suna da wani ma'auni da Edward Simpson ya fito da shi a 1949. In aka shiga daji irin na Kamuku, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,120, aka nuna itatuwa biyu da ka, mene ne yiwuwar su zama iri dabam-dabam, watau ɗaya doka ɗaya kuma maje ko kaɗanya ko taura? A 1956 Greenberg ya yi amfani da irin wannan tambaya ga mutane: in an ɗauki mutum biyu da ka, mene ne yiwuwar harshen uwarsu ya bambanta? Hanyar ita ce a ninka kason kowane harshe da kansa, a tara sakamakon, a ɗebe daga 1. A ƙaddara wani ƙauye da rabin mutanensa Hausa ce harshen uwarsu, kashi 30 cikin 100 Fulatanci, kashi 20 Gwari. Sai a ce 0.25 da 0.09 da 0.04, jimla 0.38, a ɗebe daga 1, saura 0.62. To, a ƙaddara bayan shekara 50 jikokin Gwarawan nan duk sun koma Hausa. Yanzu 0.49 da 0.09 ne, ma'aunin ya sauko zuwa 0.42, alhali ba wanda ya yi ƙaura, ba wanda aka kora. Ƙasar Papuwa Sabuwar Gini, mai harsuna fiye da 800, ma'auninta ya kusa cika 1. Malami na iya gwada wannan a ajinsa, kuma zai fi armashi in ya yi lissafin sau biyu, ɗaya da harshen da ɗalibai ke yi a gida, ɗaya da harshen kakanninsu.

Taswirar ƙabila

Tazarar da za ta fito tsakanin lissafin nan biyu ita ce ƙofar taswira ta biyu. Hausa ta daɗe tana karɓar baƙi. Wanda ya zauna cikin Hausawa, ya ɗauki harshensu da tufafinsu, ya aurar da 'ya'yansa gare su, jikokinsa Hausawa za a kira su, su ma haka za su kira kansu. Ta wannan hanya ce Fulanin gida da yawa suka bar Fulatanci ba tare da sun bar asalinsu ba, kuma ta nan ne zuriyar Gwarawa da Kamukawa masu yawa suka narke cikin jama'ar masarautar Birnin Gwari. Harshen Hausa kansa shaida ne na wannan cuɗanya. Galadima da ciroma da yarima sarautun Barno ne, takobi da ayari daga Buzaye suka zo, agogo da ashana daga Yarbawa, kindirmo da burtali kuma daga Fulani.

Sai dai karɓar baƙin ba ta rasa raini a cikinta ba, kuma gaskiya ce da ya kamata a faɗa wa ɗalibai. Mutanen da ake kira Gwari suna kiran kansu Gbagyi ko Gbari. Hausa ba ta da sautin gb, sai ta maye gurbinsa da gw, wannan kam ba laifi ba ne, haka kowane harshe yake yi wa sautin da ba shi da shi. Inda gizo yake saƙar shi ne kalmar gwaranci, wadda ta tashi daga sunan harshen wata al'umma ta koma nufin maganar da ba ta fita, irin ta yaro mai koyon baki. Tsofaffin Girkawa ma haka suka yi, duk wanda ba ya jin harshensu suka ce da shi barbaros, wai maganarsa bar-bar ce kawai. A labarin Bayajida kuma an jera Gwari cikin Banza Bakwai. A wajen masanin harshe babu harshen da yake gwaranci. Gbagyi yana da nahawunsa cikakke da karin sautinsa, masu shi kuma su ne 'yan asalin ƙasar da aka gina Abuja da Minna a kanta. Matar da hotonta yake bayan takardar naira 20, Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane da ta rasu a 1984, daga cikinsu take.

Raini yana da sakamako da ake iya gani. Yaron da aka yi wa dariya a makaranta saboda harshen gidansu, in ya girma ba zai koya wa 'ya'yansa shi ba. Harshen Ajawa na ƙasar Bauci ya mutu tun farkon rabin ƙarni na 20, masu shi sun koma Hausa. Basa-Gumna, ɗan reshen Kainji kamar Kamuku, shi ma ya tafi. Da harshe yakan tafi da sunayen itatuwa da ciyayi da magunguna da mutanensa suka tara a dajinsu shekara da shekaru, kuma wannan asara ce ga masanin tsirrai kamar yadda take ga masanin harshe. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yawo a yankinsa. A wuri irin Damari wannan na nufin Hausa, wadda ta fi Ingilishi sauƙi ga yaro nesa ba kusa ba, amma ba ta ceci Kamuku da komai ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare, a 2025 kuma ta janye ta koma Ingilishi.

Taswirar addini

Mafi yawan mutanen Birnin Gwari Musulmi ne, akwai kuma Kirista. Amma a nan ma layin addini bai bi layin ƙabila ba. Cikin Gbagyi akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu riƙe da al'adun kakanni, wani lokaci a zuriya ɗaya, kamar yadda ake gani a ƙasar Yarbawa. Cikin Hausawa akwai Maguzawa, waɗanda Greenberg ɗin nan ya zauna da su a ƙasar Kano ya rubuta littafi a kansu a 1946. A Wusasa ta Zariya akwai tsofaffin gidajen Hausawa da Fulani Kirista, kuma daga cikinsu ne aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma har yau da Hausa ake wa'azi da waƙa a dubban majami'u daga Zuru zuwa Yola. Musulmin su ma ba bai ɗaya suke ba, akwai 'yan Ƙadiriyya da Tijjaniyya, akwai 'yan Izala da aka kafa a Jos a 1978, akwai wasunsu.

Nawa ne adadin kowane ɓangare? Ƙidayar jama'a ta 1963 ta tambayi addini da ƙabila, ta jawo gardama mai zafi. Ta 1973 soke ta aka yi ɗungum. Ta 1991 da ta 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140, da gangan aka cire tambayoyin biyu daga cikinsu, domin a ƙasar da ake raba kujeru da kuɗi bisa yawan jama'a, kowace lamba makami ce. Don haka duk wanda ya zo da kaso na ƙabila kaza ko addini kaza a Nijeriyar yau, kintace ne ko binciken samfuri yake karantowa, kuma ɗalibin kimiyya yana da haƙƙin ya tambaye shi inda ya samo.

Gwamnatoci sun gwada dabaru iri-iri na riƙe wannan taro tun haɗewar 1914. Hukumar Willink ta saurari koken ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958. An yanka jihohi 12 a 1967, suka zama 19 a 1976, har suka kai 36 a 1996. An kafa hidimar ƙasa ta matasa a 1973, an shigar da ƙa'idar raba muƙamai tsakanin sassan ƙasa cikin tsarin mulkin 1979, sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 kuma ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ya zama na hukuma. Indiya ta bi wata hanya, ta sake yanka jihohinta bisa harshe a 1956. Indonesiya mai harsuna fiye da 700 ta ɗauki harshen kasuwa ta mai da shi na ƙasa. Talakawa kuma suna da tasu dabarar da ta girmi duk waɗannan, watau wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, Kanawa da Zagezagi, inda ake mai da tsohuwar gaba abin dariya. A 2014 hukumar UNESCO ta sa irin wannan wasa na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Abin da ya faru a dajin

Jihar Kaduna ta ga rikicin da ya bi layin addini da ƙabila, a Kafancan a 1987, a Zangon Kataf a 1992, a birnin Kaduna a 2000. Saboda haka mutane da yawa suka ɗauka cewa bambanci shi ne cutar, inda kuma babu bambanci sai lafiya. Abin da ya sami Birnin Gwari bai goyi bayan wannan zato ba. Satar shanu ta yi ƙamari a dazuzzukan Kamuku da Kuyambana har a 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye suka haɗa kai aka kai samame. Daga satar shanu aka koma satar mutane da ƙone ƙauyuka. A watan Mayu na 2018 an kashe fiye da mutum 40 a ƙauyen Gwaska. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako-mako ta kuma sa aka katse layukan waya a yankin. A 2022 'yan ƙungiyar Ansaru suka kafa sansani a gabashin masarautar, suka yi ta gwabzawa da 'yan bindigar daji, mutanen Damari masu yawa suka bar gidajensu da gonakinsu a tsakiyar damina.

A duk wannan, mafi yawan masu harbi da waɗanda ake harbi Musulmi ne, kuma da Hausa ake cinikin kuɗin fansa. Gaskiya ne rikicin ya ɗauki launin ƙabila, domin yawancin 'yan bindigar daga cikin makiyaya suka fito, yawancin 'yan sa-kai kuma daga cikin manoma, har kowane ɓangare ya riƙa ɗora laifin mutum ɗaya a kan dangi duka. Amma makiyaya na cikin waɗanda aka fara raba su da garkensu, kuma Bafillacen da ya ƙi shiga daji ya sha wuya daga ɓangarorin biyu. Abubuwan da ke ƙasan rikicin sanannu ne: gonaki sun cinye burtali da makiyaya yayin da jama'a ke ƙaruwa, bindigogi sun yi araha, zinariyar da ke ƙarƙashin ƙasar Birnin Gwari ta jawo masu haƙa da masu karɓar haraji da bakin bindiga, ga daji mai faɗi da ya haɗa Kaduna da Zamfara da Katsina da Neja, wanda hukuma ba ta da ƙafa a cikinsa, ga kuma ƙarancin wurin da wanda aka zalunta zai kai kuka a share masa hawaye.

Wannan ya yi daidai da abin da masana biyu na Jami'ar Stanford, James Fearon da David Laitin, suka samu a 2003 bayan sun auna yaƙe-yaƙen basasa na duniya tun daga 1945. Sun ga cewa in an daidaita ƙasashe ta fuskar arziki, yawan ƙabilu ko addinai ba ya ƙara yiwuwar ɓarkewar yaƙi. Abubuwan da ke ƙara ta su ne talauci, da raunin gwamnati, da ƙasa mai wuyar shiga inda 'yan tawaye kaɗan za su iya ɓuya. Somaliya, wadda kusan duk mutanenta harshe ɗaya suke yi kuma addininsu ɗaya, ta wargaje a 1991. Hutu da Tutsi na Ruwanda harshe ɗaya suke yi, bai hana kisan ƙare dangi na 1994 ba. Tanzaniya mai ƙabilu fiye da 120 ba ta taɓa yin yaƙin basasa ba. Binciken bai ce bambanci ba ya shiga rikici ba. Yakan shiga, amma galibi bayan wuta ta kama ne ake neman sunan ƙabila ko na addini a tara mayaƙa da shi.

Dokar hana cin kasuwa ta 2021 an yi ta ne don a toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da man fetur, sai dai ta rufe wurin da manomi da makiyayi suka saba haɗuwa kowane mako, inda ake musayar hatsi da nono, a ci bashi a biya, a ji wanda ya rasu da wanda ya yi haihuwa. A watan Nuwamba na 2024, bayan sulhun da gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla da wasu shugabannin 'yan bindiga, Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar shanu, wadda ta yi shekaru a rufe. Mutane sun rabu a kan sulhun. Wasu na ganin an saka wa masu laifi da alheri, waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa kuma ba a yi musu shari'a ba. Wasu na cewa noma ya dawo, motoci sun koma bin hanyar Kaduna, kuma wanda bai kwana a daji yana gudun harsashi ba bai kamata ya raina wannan ba.